Gefen Inna Kawai Muka Gyara

Tun da muka dawo daga ruga ban huta ba. A makaranta a tambaye ni, a islamiyya a tambaye ni, har a layin niƙa sai wata ta ja mini hijabi ta ce wai da gaske ne na yi wanka da nono a gaban jama'a. Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk wadda na ba labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai wa wata, alhali ƙarin gishiri aikina ne, ban ba kowa aro ba. To ga shi na rubuta daga farko har ƙarshe. Wadda ta sake tambayata, takardar nan zan miƙa mata in wuce.

Sai in fara da Inna, kakata mahaifiyar Baba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa a gida Ummi ake kirana. Abin yana da amfani ƙwarai: in Baba ya buɗe baki zai yi mini faɗa, sai ya tuna sunan wa ke kaina, ya rufe. Inna tana zaune a wata ruga gaba da Birniwa, a kan tudu cikin fadama, da kaɗan an shiga Yobe. Shekarun nan yanar ido ta rufe mata idanu biyu, har ta kai ba ta bambance saniya da bukka sai in ɗaya ta yi kuka. Sai aka ce likitocin ido za su zo asibiti a nan Haɗeja ranar Alhamis, kwana biyu kawai za su yi. Baba ya je ya rubuta sunanta. Ga damina ta yi nisa, kogi yana ta cika. In Alhamis ɗin nan ta wuce, ruwa zai rufe hanyar ruga sai bayan kaka, likitocin kuwa ba wanda ya san ranar dawowarsu.

Matsalar ɗaya ce. Shekara tara da suka wuce Baba ya ɗauko Inna a bayan a-kori-kurarsa, wadda yake jigilar shinkafa da ita, wadda 'yan unguwarmu suke kira Mai Rawa. Motar ta faɗa wani rami, Inna ta tashi sama, ta sauko ba haƙori ɗaya. A nan take ta rantse ba za ta sake hawa mota ba, sai motar da za a ɗora wa ƙwarya cike da nono daga ƙofar bukkarta zuwa gindin tsamiya, ta je ta dawo ko ɗigo bai zube ba. Direbobin haya kuwa ba sa shiga fadama da damina. Ke nan ko Mai Rawa, ko Inna ta ci gaba da gaishe da bukka.

Ciwon Mai Rawa shokazoba ne, wato ƙarfen nan mai kama da famfon keke da ke bayan kowace taya, wanda ke hana mota tsalle in ta shiga rami. Mota mai lafiya in ka danna bayanta ka saki, sau ɗaya take ɗagowa ta tsaya. Tamu na danna ta da safe, na je na yi shara, na wanke kwanuka, na dawo na tarar tana ta gyaɗa kai kamar mai jin wa'azi.

Bakaniken Baba ya tafi Kano biki, shi kuma Baba ba ya yarda wani ya taɓa masa mota. Ya ce a gida za a yi. Ranar Litinin ya dawo daga kasuwa da sababbin shokazoba guda biyu, ɗaya na gaba ɗaya na baya. Ni aka ba aikin nemo bidiyo a wayar Mama, tunda ni ce mai Turanci. Na samo wani Bature a garejin da ya fi ɗakin Mama tsabta, yana bayani. Na gaya wa Baba mutumin ya ce bibbiyu ake canzawa, na gaba tare, ko na baya tare, ba a raba dama da hagu.

Baba ya ce, "Baturen ya san inda Inna za ta zauna?"

Na ce bai sani ba.

"To ni na sani. A gaba za ta zauna, gefen dama. Gefenta za mu gyara. Ni gefena na saba."

Na ga maganar da hankali a cikinta, na kashe bidiyon.

Jak ɗinmu ba a yarda da shi, yana sauka in ya ga dama. Saboda haka da aka ɗaga motar aka cire taya, Baba ya aike ni in ɗauko turmin Mama a tokare ƙasan motar da shi. Mama ta biyo ni har ƙofar gida tana cewa turmin nan da shi aka kawo ta gidan nan, in ya tsage ta san wanda za ta daka a madadinsa. Baba ya yi kamar bai ji ba, ya shige ƙarƙashin mota.

Notin farko ya ƙi motsi. Ina jin tun da aka ƙera motar ba wanda ya gaishe shi. Muka zuba masa kananzir, muka jira, ya ƙi. Baba ya zura bututun ƙarfe a jikin sifana don ya ƙara tsawo, ya ja da ƙarfinsa duka. Notin ya saki ba sallama, hannun Baba ya daki ƙarfe, gaɓoɓin yatsunsa huɗu suka sale. Salati kawai ya yi. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Da tsohon shokazoban ya fito, ya jiƙe da baƙin mai, na danna shi da yatsa biyu ya shige kamar ana danna tuwon jiya da aka ɗumama.

A nan na yi tawa ɓarnar. Sabon yana zuwa a matse, an ɗaure shi da wani zare mai ƙarfi, sai an saka shi a mazauninsa ake yankewa. Ni kuma na ga zare a jikin sabon abu, na ɗauko reza na taimaka. Sai ga shi yana miƙewa a hankali a hannuna, yana ƙara tsawo, ni ina kallonsa, Baba yana kallona. Na ga bakinsa ya buɗe, na ga ya tuna sunana, ya rufe. Muka danna, muka danna, ya ƙi komawa. Daga ƙarshe sai da aka kira maƙwabcinmu Malam Sale mai kanti, wanda in ya hau babur ba a ganin babur ɗin. Ya kafa ƙarfen a ƙasa ya kwanta a kansa da cikinsa, ya koma kamar ba shi ne yake mana gardama ba. Kafin magariba an ɗaure na gaba da na baya, turmi ya koma ɗaki da tabon mai a baki, Mama ta ce ba komai, Allah yana gani.

Talata da hantsi muka kama hanyar Birniwa, ni da Baba, da katifa da buhun gishirin shanu a baya. Mama ta ce in tafi don in riƙa yi wa Inna jagora, kuma don akwai dalili na biyu: Baba ne ɗan farin Inna. A wajenmu Fulani uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ko gaisuwa sama-sama take amsawa tana kallon wani wuri. Dole a sami mai kai saƙo tsakani. Ni ce wayar.

Tun kafin mu bar gari na gane Baturen nan ba wawa ba ne. Gefena lafiya lau, kamar ina zaune a kan gado. Gefen Baba kuwa kowane rami sai ya tashi sama, hularsa ta taɓa rufi ta dawo. Motar tana tafiya kamar jaki mai ƙaya a ƙafa ɗaya, ta duƙa hagu ta ɗago, ta duƙa ta ɗago. Wani mai keke da muka wuce ya ɗaga mana hannu yana amsa gaisuwa, ya zaci motar ce ta rusuna masa. Na tambayi Baba ko yana jin wani abu. Ya ce shi bai ji komai ba, yana faɗa muryarsa tana karkarwa kamar mai magana a bakin fanka.

Hanyar dai kun san ta da damina: shinkafa dama da hagu, ruwa ya kwanta a gonaki, yara suna ta kaɗa gwangwani suna korar tsuntsayen jan-baki. A wani ƙauye mata suka tare mu da soyayyen kifi. Na miƙa wa Baba ɗaya, sau uku yana kai shi baki rami yana kai shi kunne. Daga nan na ce ya bari sai mun tsaya.

Iyakar Jigawa da Yobe ta ba ni haushi. Ni ban taɓa barin jiha ba da wayona, na ɗauka zan ga ƙofa, ko katanga, ko a ce ƙasar can wani launi ce daban. Allo ne kawai da akuya a kwance a inuwarsa. A shingen da ke wajen, wani jami'i ya duba takardunmu ya ce daidai suke, sannan ya tsaya yana kallon motar, wadda har lokacin gefenta na hagu bai gama lilo ba. Ya tambayi Baba ko ya kashe ta. Baba ya ce ya kashe. Mutumin ya ce to Allah ya kiyaye hanya, ya ɗan ja da baya kafin mu wuce.

Muna sauka daga kwalta zuwa hanyar fadama, rami na biyu salansa, wato bututun hayaƙin motar, ta daki ƙasa ta ɓalle. Mai Rawa ta koma ruri kamar injin niƙa. Ga hadari ya haɗo. Da ƙyar muka lallaɓa wani ƙauyen Barebari, aka nuna mana rumfar wani bakanike mai suna Modu, dogo, baƙi, da zane a fuska. Yana jin Fulani ne mu fuskarsa ta washe, don kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Ya ce yau bayinsa sun kawo gaisuwa. Baba ya ce a'a, sarki ne ya fito rangadi duba talakawansa. Modu ya shiga ƙarƙashin motar zai ɗaure salansa, sai muka ji shiru, sai muka ga ƙafafunsa suna rawa. Dariya yake. Ya fito yana share hawaye ya kira maƙwabtansa su zo su ga aikin Bafulatani, wai ya yi wa saniya kofato biyu ya bar biyu.

Baba ya ce, "Gefen tsohuwata ne. Ido za a yi mata."

Modu ya daina dariya. Ya ce ba shi da irin wannan shokazoba, da ya saka mana. Abin da zai iya shi ne ya cika mana buhu biyu da yashi a ɗora a baya don motar ta rage tsalle, kuma a rage wa tayoyi iska kaɗan. Yana gamawa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya ce mashigin da ke gabanmu ba ya ƙetaruwa yau, sai dai gobe da safe in ya janye, kuma bawansa ba zai kwana a mota ba yana da gida.

Matarsa Falmata ta karɓe ni. Abu na farko da na lura, gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Wushe, wushe, ta tambayi gida, ta tambayi hanya, ta koma ta tambayi gida. Na ɗauka an gama na miƙe, ashe an zo rabi ne. Na biyu turare. Mu a gidanmu sai za a yi baƙi ake kunna turaren wuta, su kuwa har kajinsu ƙamshi suke. Ta ɗora ni a kan kasko ta lulluɓe ni da zane, na fito ina hayaƙi kamar kifin banda. Aka kawo burabusko da miyar kuka mai busasshen kifi da man shanu. Ni na saba da tuwo mai haɗa kai, wannan kuwa warwas yake, ina ɗiba yana gudu ta tsakanin yatsuna. 'Ya'yan Falmata suka zauna suna kallona kamar ana nuna fim. Amma na cinye, na kuma karɓi ƙari, don kunyar Fulani a Haɗeja na baro tawa. Sauron garin kuwa ba zan ce komai a kansu ba, sai dai da safe na ƙirga kunnuwana na tabbatar biyu ne.

Laraba da sassafe muka ƙetare mashigin, ruwa iya rabin taya. Modu ya raka mu har bakin ruwa, ya nuna wa Baba wani kara da ya kafa jiya, ya ce kogi ne ke turowa, ba ruwan sama kaɗai ba. In muka wuce la'asar ba mu dawo ba, sai dai mu bar motar a can ta yi kiwo.

Mun isa ruga da hantsi. Kawu Bello, ƙanen Baba wanda ke zaune da Inna, ya tarye mu. Inna tana ƙofar bukka a kan tabarma. Baba ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta, ta amsa wa wata tunkiya. Ni kuwa ta kama ni ta shafa fuskata, ta ce takwara ta yi ƙiba, kuma me ya sa nake warin Barebari. Na isar da saƙo: an gyara mota, an sa mata sabon ƙarfe a gaba gefen dama, wajen zamanta.

Ta ce, "Kusa da wa?"

Na ce kusa da direba.

"Direban wane ne?"

Baba ya ce in gaya mata ya ga tunda yanzu ba ta gani, ba za ta ji nauyin zama kusa da shi ba. Na gaya mata, ko da yake tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi taku biyar ba, kuma kunnenta ya fi nawa.

Inna ta ce, "Ni ba na gani. Mutane fa?"

Ta ce in ma za ta hau, a baya za ta zauna, daidai bayan mai motar, inda madubinsa ba zai kamo ta ba. Wato gefen hagu. Gefen da ba a taɓa ba.

Na kalli Baba. Ya cire babbar riga ya rataye a reshe, ya ce wa Kawu Bello a ara masa turmi. Lokaci ba zai isa a juya duka biyu ba, saboda haka na baya kawai ya ce zai mayar hagu, tsohon ya koma dama. Notin hagu ɗan'uwan na dama ne, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kananzir ɗin fitilar Inna muka zuba masa. Da ya saki, hannun Baba ya sake dakar ƙarfe, daidai inda ya fara warkewa. Wannan karon ko salatin a zuci ya yi. Ba Malam Sale a ruga, don haka samari uku suka taru a kan sabon ƙarfen kafin ya yarda ya matse. Sai bayan azahar aka sauke motar. Yanzu sabo ɗaya yana gaba dama, ɗaya yana baya hagu, Mai Rawa ta tsaya kamar mai shirin kokawa.

Duk rugar ta fito kallon gwaji. Inna da kanta ta cika ƙwarya da nono, ta sa yatsa ta ji ya kai baki, ta ce takwararta ce za ta riƙe, a wajen da ita za ta zauna. Na hau baya na rungume ƙwarya. Baba ya ja motar a hankali, har wata kaza ta wuce mu. Nono yana ta leƙen bakin ƙwarya yana komawa. Muka kai tsamiya lafiya. A wajen juyowa ne na hango wani kwari da tayar shanu, wato amalanke, ta haƙa, na san ba za mu tsira ba. Sai dabara ta zo mini: in na rage nonon kaɗan, ai ba zai kai baki ba. Na juya wa jama'a baya, na kafa kai na fara sha. Na yi kurɓa uku masu kyau. A ta huɗu taya ta faɗa kwarin.

Ban san nono yana da yawa haka ba sai ranar. Ya shiga hancina, ya shiga kunnena, ya bi ta wuyan hijabi ya sauka har ƙafa. Ƙwaryar ta kife a kaina kamar hular kwano. Haka muka dawo ƙofar bukka, yara suna bin mu suna faɗuwa don dariya, karnuka suna bin mu don wani dalilin daban. Ba wanda ya gaya wa Inna sakamako. Ta ji da kunnenta. Ta ce to, Allah bai nufa ba, a ba baƙi fura su kama hanya kafin ruwa ya tare su.

Dariyar ta mutu. Baba ya fito daga mota ya tsaya a jikin ƙofa, ya kwance tsumman hannunsa yana dubawa, kamar a nan aka rubuta abin da zai yi. Kawu Bello ya fara lallashi, Inna ta ce rantsuwa ba wasa ba ce, ta miƙo hannu ta ce in kai ta ɗaki.

Na kama hannunta. Hanyar ɗaki dama ce, na yi hagu da ita. Ta ce yau ɗakin ya yi nisa, na ce kewaye muke yi, akwai kashin shanu. Da muka zo daidai mota na ce, "Inna, dafa nan, akwai rami." Na ɗora tafinta a kan bayan hannun Baba.

Baba ya sandare. Ita ma ta tsaya. Na ga yatsunta suna bin gaɓoɓin nan ɗaya bayan ɗaya, inda ya kumbura, inda ya tsage, inda jini ya haɗu da baƙin mai. Ta san hannun wane ne, ba a buƙatar ido. Na ɗauka za ta fizge nan take, amma sai da ta kai kan na huɗu sannan ta janye, ta ɓoye hannunta cikin zane. Ta laluba ta sami kunnena ta murɗe shi sosai.

"Ja'ira. Sau nawa ya kwance ƙarfen nan?"

Na ce sau biyu, kuma sau biyun a nan ya ji ciwo.

Har na fara jin nono yana bushewa a wuyana kafin ta saki kunnen. Can ta ɗaga murya ta ce wa Kawu Bello ya auno gero na ciyar da mutum goma, a raba yau ɗin nan, kaffarar rantsuwarta ce. Sannan ta juyo wajena.

"Ki gaya wa mai motar yamma tana yi."

Ban gaya masa ba, don kafin in juya har ya tada motar.

Muka shimfiɗa mata katifa tsakanin buhunan yashin Modu, na zauna na rungume ta ta baya. Duk ramin da muka shiga sai ta ce wannan direba a ina ya koyi tuƙi, in leƙa ta taga in isar, Baba ya ce a ba ta haƙuri, in dawo in isar. A mashigi ruwa ya shanye karan Modu saura kaɗan. Motar ta shiga, ta kai tsakiya, ta yi tari ta tsaya. Ruwa yana lasar ƙasan ƙofa. Sai ga Modu da samarin garinsu sun naɗe wando sun shigo, ashe tun azahar yake zaune a bakin ruwan yana jiranmu. Suka tura mu har tudu. Ya leƙo ya gaishe da Inna, ya ce ga ubangidanta ya cece ta. Inna ta ce dama aikin bawa ke nan, Allah ya yi masa albarka. Mun shiga Haɗeja ana kiran magariba, haƙoran Inna cif yadda muka ɗauko su. Na ƙirga.

Ranar Alhamis aka yi mata aiki a ido ɗaya, aka ce ɗayan sai wani zuwan. Juma'a da safe ma'aikaciyar jinya ta cire bandejin. Inna ta ƙifta, ta ƙifta, ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce ashe sunanta aka ba mai kunnuwa haka. Sai ta juya wajen ƙofa, inda Baba yake tsaye da hularsa a hannu. Kallo ɗaya ta yi masa ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta. Ta jawo ni kusa, ta yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Wa ya ba shi izinin yin furfura?"

Wannan saƙon ban isar ba. Ma'aikaciyar ta ce kada a bari ta riƙa hawaye, ba shi da kyau ga aikin, Inna ta ce maganin da aka ɗiga mata ne mai yaji.

Da aka sallame mu na riƙo hannunta, ta ƙwace, ta ce ta gode, yanzu ta san hanya. Muka fito harabar asibiti. Mai Rawa tana tsaye a rana, taɓo har rufi, ƙofa ɗaure da igiya, salansa ɗaure da waya, fitila ɗaya a fashe, ta karkata gefe tana jiranmu. Inna ta tsaya. Ta zagaya ta sau ɗaya a hankali, ta rufe idon da ba a gyara ba don ta ƙara gani da kyau.

"Takwara, a cikin wannan kuka ɗauko ni?"

Na ce a cikinta.

Ta gyara mayafinta, ta tambayi mai gadi ta ina ake bi zuwa unguwarmu, ta kama hanya a ƙasa. Ni ina bayanta, Baba yana bayanmu a mota, a hankali, har gida.